Yadda Ake Koya wa Yara Addinin Hindu Ba Tare da Zagi ko Tilasta Bauta Ba

Ina koyar da darasin sanin addinai a wata makarantar firamare a Ingila, kuma akan turo mini sababbin malamai masu sanin makamar aiki in riƙa duba darasinsu. Duk lokacin da aka zo zangon addinin Hindu, kurakuran da nake gani ba sa sauyawa. Wani malamin yakan mai da darasin tatsuniya: ya ɗaga hoton Ganesha mai kan giwa, yara su fashe da dariya, yarinyar Hindu ɗaya tilo da ke ajin ta sunkuyar da kai har a tashi. Wani kuma, don gudun haka, sai ya wuce gona da iri. Ya kunna fitila, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce kowa ya haɗa tafin hannu, kashegari iyaye Musulmi da Kirista su yi cincirindo a ofishin shugaban makaranta, kuma da gaskiyarsu. Akwai mai neman a zauna lafiya, ya ce wa yara ai addinai duk ɗaya ne, maganar da yaran kansu sun san ba haka take a gidajensu ba.

Na rubuta wannan jagora don 'yan'uwa malamai da ke shiga aikin a nan, da iyayenmu Hausawa da 'ya'yansu ke zama a waɗannan azuzuwa. Zai kuma yi amfani a gida, domin yaron Kano ko na Maraɗi ya sha ganin bikin Holi da siffofin alloli a finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, yana kuma tambaya, ba kasafai yake samun mai ba shi amsa ta sani ba.

Ga yadda tsarin yake a Ingila. Tun dokar ilimi ta 1944 darasin addini ya zama wajibi a makarantun gwamnati. Dokar 1988 ta ce manhaja ta nuna cewa akasarin gadon addini na Birtaniya na Kiristanci ne, amma ta kula da koyarwa da ayyukan sauran manyan addinai na ƙasar. A aikace shida ake yi: Kiristanci, Musulunci, Yahudanci, Hindu, Sikh da Buddha. Kowace ƙaramar hukuma ke tsara tata manhajar da shawarar majalisar da ake kira SACRE, wadda ta haɗa wakilan addinai da malamai da jami'an hukuma, ana sake duba ta duk shekara 5. Iyaye kuma suna da haƙƙin cire ɗansu daga darasin.

Kayan aiki

- Manhajar yankinku, ku karanta sashen Hindu tun daga farko har ƙarshe.
- Ƙananan siffofin alloli biyu ko uku, waɗanda Hindu ke kira murti, ko manyan hotuna masu kyau. Ku saya a shagon da su kansu suke saye. Zanen barkwanci daga intanet ba ya cikin kayan aiki.
- Farantin ibadar puja da abin da ke kansa: ƙararrawa, 'yar fitilar yumɓu da ake kira diya, turaren tsinke, ƙaramin kofin ruwa da cokali, jan garin kumkum da furanni.
- Kyalle mai tsabta da tebur mai ɗan tsayi.
- Fitilar batir mai kama da kyandir.
- Taswirar duniya.
- Littafin yara na labarin Rama da Sita, wanda marubuci Hindu ya rubuta in da hali.
- Wani babban mutum mai bin addinin da zai yarda ku riƙa tambayarsa. Wannan ya fi duk abin da na lissafa a sama amfani.

Mataki na 1: Ku karanta kafin ku shiga aji

Tambayar da yaro zai fara jefo muku ita ce, "Malam, allolinsu nawa ne?" In ba ku shirya ba, za ku ɗauko adadin miliyan 330 da ke yawo a bakin mutane ku ba shi, ku ɓata zangon gaba ɗaya da jimla guda. Hindu da yawa za su gaya muku cewa akwai hakika guda maɗaukakiya, Brahman, wadda ba ta da siffa kuma ta game komai, alloli kuwa fuskoki ne da ake kusantar ta da su. Wasu sun ɗauki Vishnu a matsayin maɗaukaki, wasu Shiva, wasu kuma allahiya uwa da suke kira Devi ko Shakti. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ba ta yarda da amfani da murti ba sam. Addini ne na mutum fiye da biliyan ɗaya, ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da shugaba guda, littattafansa kuma da yawa: Veda huɗu, Upanishad, Ramayana, da Mahabharata wanda a cikinsa Bhagavad Gita take da babi 18.

Ku kuma raba abubuwa uku da sababbin malamai ke cakuɗawa a allo. Brahman ita ce hakikar da na ambata. Brahma allan halitta ne mai fuska huɗu. Brahmin kuwa mutum ne, ɗan rukunin da limamansu ke fitowa daga ciki.

Ga malami Musulmi da zuciyarsa ke ɗar-ɗar da wannan karatu, ina tuna masa da Abu Raihan al-Biruni. Ya zauna da malaman Hindu, ya koyi harshen Sanskrit, ya kammala littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya bayyana cewa ba littafin jayayya ya rubuta ba, nufinsa ya kawo abin da mutanen suka yi imani da shi kamar yadda suke faɗa. Hakan bai rage masa Musulunci ba. Aikin da muke yi a aji ke nan.

Mataki na 2: Ku sanar da iyaye tun da wuri

Mako biyu kafin a fara, ku aika wasiƙa gajera: ga abin da za a koya, ga kayan da yara za su gani, ga abin da ba za a sa su yi ba. Ku rubuta ƙarara cewa ba yaron da za a sa ya yi addu'a, ya rusuna, ko ya ci abincin da aka miƙa wa abin bauta. Yawancin iyayen da ke cire 'ya'yansu suna yin haka ne don labarin ya zo musu daga bakin yaro, a karkace, bayan an riga an yi. In uba ya zo da damuwa, ku ba shi kujera, ku shimfiɗa masa kayan darasin, ku ce, "Alhaji, ga duk abin da za mu yi, duba ka gaya mini inda ya tsaya maka a rai." In bayan haka ya ce a cire ɗansa, haƙƙinsa ne, a cire ba tare da ɓata fuska ba, kuma kada yaron ya ji a jikinsa.

Mataki na 3: Ku kafa ƙa'idar magana a ranar farko

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ita ke riƙe da komai: kowace magana ta imani a jingina ta ga masu ita. Ba a cewa "Ganesha yana kawar da cikas." Ana cewa "Hindu da yawa sun yi imani Ganesha yana kawar da cikas." Ba a kuma cewa "suna bauta wa dutse," domin wannan hukunci ne, ba bayani ba. Ku rubuta farkon jimlar a saman allo, ku bar ta a can har ƙarshen zango, ku riƙa mayar da yara gare ta a hankali duk sanda suka kauce.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne yana kare kowa lokaci guda. Yaro Musulmi zai iya rubuta cikakkiyar amsa a jarrabawa ba tare da ya furta abin da ya saɓa wa tauhidinsa ba, tunda ya ce wasu ne suka yi imani. Yarinyar Hindu kuma ta ji an faɗi addininta daidai. Ku lura da kalmar "da yawa". Tana koya wa yara cewa mabiya addini ɗaya ba bakinsu ɗaya ba, abin da za su buƙata idan aka zo kan Katolika da Furotesta, ko Sunni da Shi'a.

Dariya za ta zo, yara ne. Kada ku yi tsawa. Ku ce baƙon abu yakan ba da mamaki, amma a ajin nan ba ma yi wa abin da wani ke girmamawa dariya. Yaran da ke zuwa Islamiyya kuna iya tuna musu cewa aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa.

Mataki na 4: Ku fara da mutane

Kada ku buɗe da murti. Ku buɗe taswira. Ga Indiya, inda ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari Hindu ne. Ga Nepal, ga tsibirin Bali a Indunusiya, ga Mauritius. Sannan ku dawo gida: ƙidayar 2021 ta sami Hindu kimanin miliyan 1 a Ingila da Wales. Da yawa daga iyalan Hindu na birnin Leicester sun iso ne a 1972, lokacin da Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda. A Accra ma akwai gidan ibadar Hindu da Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016, mabiyansa kuma 'yan ƙasa ne. Yaron da ya fara sanin cewa Hindu shi ne mai kantin magani na layinsu, ko likitar da ta duba ƙanwarsa, ba zai kalli hoton da za ku nuna gobe da idon raini ba.

Gargaɗi: kada ku mai da ɗalibi Hindu kakakin addininsa. Yaro ɗan shekara 8 ba komai ya sani ba, kuma abin da ake yi a gidan 'yan Gujarat ya bambanta da na gidan Tamil. Ku tambaye shi a keɓe ko yana so ya faɗi wani abu. In ya ce a'a, shi ke nan.

Mataki na 5: Ku koya musu karanta hoto

Nan ne zuciyar aikin, ku ba shi darasi biyu ko uku. Ku wanke hannu a gaban yara, ku shimfiɗa kyalle a tebur, ku ɗora murti a kai. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kusa da takalma, ba a jefa wa juna. Wannan ladabi ne ga masu abin, irin wanda za ku nema idan aka fito da Alƙur'ani a darasin Musulunci.

Kada ku fara bayani. Ku tambaya: me kuke gani? Hannu nawa? Me ke cikin kowane hannu? Wace dabba ce a gefe? Sai sun gama lissafi ku gaya musu cewa a wajen Hindu kowane abu a jikin siffar saƙo ne. Yawan hannuwa yana nuna iko da ya wuce na ɗan Adam, ba wai suna zaton akwai mutum mai hannu huɗu yana yawo a gari ba.

Ku fara da Ganesha, ɗan Shiva da Parvati. Ana kiran sunansa a farkon kowane sabon abu, aure ko buɗe shago ko shiga jarrabawa. Ana fassara manyan kunnuwansa da yawan sauraro, babban kansa da hikima. Haurensa ɗaya karyayye ne, akwai labarin da ke cewa da shi ya rubuta Mahabharata. Yana riƙe da alawar modak, ɗan ɓera kuma na zaune a ƙafarsa a matsayin abin hawansa. Yara kan so wannan ɓeran, kuma tambayar yadda babba ke hawan ƙarami takan jawo hira mai kyau.

Daga nan ku kawo ukun da ake kira Trimurti: Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa, Shiva mai rushewa domin a sabunta. Ku yi hattara da Shiva. Sababbin malamai kan ce "allan hallaka" su tsaya, yara su ɗauka shi ne mugun labarin ko shaiɗaninsu. Kuskure ne babba, domin miliyoyin mutane shi suke ƙauna fiye da kowa. A tunanin Hindu lokaci zagaye yake yi, ƙarewar abu ita ke ba sabo wuri. Ana gane shi da mashi mai baki uku, ido na uku a goshi, maciji a wuya, da bijimi Nandi. Vishnu kuma yana riƙe da ƙahon katantanwar teku, faifan yaƙi, kulki da furen bado. Mabiyansa sun yi imani yakan sauko duniya idan zalunci ya yi yawa, an fi ƙirga saukowa 10, Rama da Krishna mai sarewa suna ciki. Brahma, duk da matsayinsa, wuraren bautarsa kaɗan ne, wanda ya fi shahara yana Pushkar a jihar Rajasthan.

Kada ku manta da mata. Saraswati ta ilimi da kiɗa, cikin fararen kaya, da littafi da kayan kiɗan vina. Lakshmi ta arziki, a kan furen bado, tsabar zinariya na zuba daga hannunta. Durga a kan zaki ko damisa, ɗauke da makamai. Biyar ko shida da yara suka fahimta sun fi ashirin da suka haddace sunayensu.

Idan aikin aji ya ƙunshi zane, ku ba da zaɓi. Wasu yara Musulmi da Yahudawa ba za su so zana siffar abin bauta ba. Su zana fitila, ko furen bado, ko adon ƙasa na rangoli, maki ɗaya ne. In kuma alamar swastika ta bayyana a hoto, ku tsaya ku yi bayani: alamar fatan alheri ce a Indiya tun dubban shekaru kafin 'yan Nazi su ɗauke ta su ɓata ta a Turai.

Mataki na 6: Labari da biki

Labarin Rama da Sita shi ya fi zama a kan yara. An kori Rama daji shekara 14, Ravana mai kai goma, sarkin Lanka, ya sace Sita matar Rama, Hanuman da rundunar birai suka taimaka aka ceto ta, mutanen garinsu Ayodhya suka jera fitilu don tarbar su. Daga nan sai Diwali, bikin fitilu na watan Oktoba ko Nuwamba. Ku ba da labarin da daɗinsa, amma ku fara da "Hindu suna ba da labarin cewa". Ku ƙara musu cewa Sikh ma suna biki a lokacin, don tunawa da sakin Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior tare da 'ya'yan sarauta 52. Rana ɗaya, dalili daban.

Ni ba na son a sa yara su fito a matsayin alloli a wasan kwaikwayo. 'Yan tsana na inuwa ko jerin hotuna sun wadatar.

Mataki na 7: Ku nuna puja, kada ku yi ta

Iyakar da ke tsakanin nuni da ibada siririya ce, kuma a nan aka fi zamewa. Ku ɗaga kowane abu a farantin ku faɗi amfaninsa: ƙararrawa don sanar da fara ibada, ruwa don wanke murti, fure da abinci don girmamawa, fitila da ake kewayawa da ita a gabansa, wato arti. Ku nuna musu cewa an haɗa gani da ji da shaƙa da taɓawa da ɗanɗano. Sannan ku sa musu bidiyon wani iyali suna yi a gidansu. Ba malami ke yi ba, ba yara ke yi ba. Hindu na gaske ma ba ya jin daɗin a kwaikwayi ibadarsa kamar wasa.

Wajen lafiyar jiki: fitilar batir kawai, ba wuta a aji. Turaren tsinke a shaƙa ba a kunna ba, saboda masu asma. Alawar Indiya takan ƙunshi madara da gyaɗa ko yazawa, ku duba rajistar yaran da jikinsu ba ya karɓar waɗannan kafin ku kawo ko ɗaya.

Mataki na 8: Ziyarar mandir, gidan ibadar Hindu

In kuna kusa da Landan, babban mandir na Neasden da aka buɗe a 1995 yana karɓar makarantu, haka Bhaktivedanta Manor kusa da Watford. Amma ƙaramin mandir na unguwarku ma ya isa. Ku je ku kaɗai tukuna, ku gaya wa mai masaukin cewa yaran masu kallo ne. Ku shirya su: za a cire takalma, a sa sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, kada a shiga da nama ko ƙwai a kwanon abinci, kada a miƙe ƙafa wajen murti. Za a iya miƙo musu prashad, abincin da aka gabatar a ibada, ko a so sa musu ɗigo a goshi. Ku koya musu tun a aji yadda ake cewa "na gode, a'a" da fara'a, ku kuma tsaya kusa don kada kunya ta sa yaro ya karɓi abin da iyayensa suka hana.

Mataki na 9: Kwatanta addinai da tambaya guda

Idan za ku haɗa da sauran addinai, ku ɗauki tambaya ɗaya ku zagaya da ita. Misali: yaya mutane suke nuna girman abin da suke bauta wa? Musulmi da Yahudawa sun haramta siffanta Ubangiji, shi ya sa masallaci ke cike da rubutu da zanen ado. Cocin Katolika da na Otodoks suna da hotuna da mutum-mutumi, wasu Furotesta ba su da su. Sikh, mabiya Guru Nanak da aka haifa a 1469, Ubangiji ɗaya marar siffa suka yarda da shi, littafinsu Guru Granth Sahib ne ke tsakiyar ɗakin ibada. 'Yan Buddha da yawa suna ɗaukar siffarsa a matsayin tunawa da malami, ba mahalicci ba. Bambancin na gaske ne, ku bar shi ya fito. Ba aikinku ba ne ku jera addinai daga na ɗaya zuwa na shida, ba kuma aikinku ba ne ku narkar da su su zama ɗaya.

Mataki na 10: Tambayoyi masu nauyi da gwaji

"Suna bauta wa saniya?" Hindu da yawa za su ce girmama ta suke yi kamar uwa, saboda nono da noma, shi ya sa ba sa cin namanta. Manyan yara za su tambayi batun rukunin haihuwa da wariyar da ake yi wa na ƙasa. Kada ku ɓoye. Abu ne da ya faru kuma bai ƙare ba, tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar da ake nuna wa waɗanda ake cewa ba a taɓa su, Hindu da yawa kuma suna yaƙi da ita.

"Malam, kai wanne ka yarda da shi?" Ni nakan ce ni Musulmi ne, a taƙaice, in koma kan darasi. Ɓoyewa tana sa yara zargi, tsawaitawa kuma ta zama wa'azi. "To, su wuta za su shiga?" Ku ce wannan tambaya ce mai girma, addinai sun amsa ta daban-daban, ya kai ta wajen iyayensa ko malaminsa na addini.

A gwaji ku auna sani kawai: ya bayyana abubuwa uku a siffar Vishnu da ma'anarsu a wajen Hindu, ko ya faɗi dalilin kunna fitilu a Diwali. Ba a ba yaro maki kan abin da ya yi imani da shi, ba a kuma rage masa.

Ku kuma iyaye, kafin ku sa hannu a takardar cire yaro, ku je makarantar ku nemi a nuna muku tsarin darasin da kayan da za a yi amfani da su. In kun ga an ƙetare iyaka zuwa ibada, ku faɗa wa malamin kai tsaye, doka tana bayanku. In kun ga bayani ne kawai, ku bar yaron ya zauna, in ya dawo gida ku tambaye shi abin da ya koya.